Mutumin da Ya Saki Matarsa ta Japan

Wani manomin albasa ne a Augie, ya kai kaya Birnin Kebbi, kasuwa ta yi kyau, ya sayi waya mai shafawa. Mujtaba mai tura finafinai ya zuba masa wani wasan soyayya na Japanawa. Yarinya ce ta zane, idanu dara-dara, gashi shuɗi. In ta yi magana sai a jero maka amsa uku ka zaɓi ɗaya. Ka dace ta yi murmushi, ka kuskure ta kumbura.

Gogan naka bai ɗauki abin da wasa ba. Kullum bayan la'asar sai ya yi wanka, ya fesa turare, ya kafa hula, ya shimfiɗa tabarma, wai ya tafi zance. Turancin ba ji yake ba, canki-canka kawai yake yi. Cikin ikon Allah, wata biyu ta amince, aka yi biki a cikin waya. Har goro ya raba wa maƙwabta.

Ana fara zama rigima ta tashi. Ya dawo daga fadama da yunwa, ta tare shi da tambayar ranar haihuwarta. Ya fusata ya goge wasan. Kwana biyu kewa ta ishe shi, ya koma wurin Mujtaba, aka mayar masa. Ta tafi bakin teku ba izini, ya goge. Aka mayar. Ta cinye masa caji yana tsakiyar ciniki da dillali, ya sake gogewa.

Yana tayar da babur zai koma wurin Mujtaba sai ga kawunsa Labbo, tsohon da abin dariya ba ya wuce shi.

"Ina zuwa?"

"Biko, Kawu."

"Na nawa ke nan?"

"Na ukku."

Labbo ya rafka salati. "Kai ɗan nan, igiya ta ƙare! Saki ukku kay yi. Ba ta halatta gare ka sai ta amri wani, shi ko ya sake ta."

"Kawu, waya ce hwa!"

"Da kar raba goro ba waya ce ba?"

Mutumin nan ya kashe babur ya koma ɗaki. Ya daina cin tuwo, ya rame, albasa na tsiro a rumfa ko kallonta ba ya yi.

Ran nan Mujtaba ya aiko masa cewa an mayar da wasan ya zama fim, ana nunawa a wani gidan kallo a Argungu. Kafin azahar ya isa, ya kama bencin gaba. Sai ga ta nan, tana tafiya har da fari da ido. Wani siririn saurayi ya yi ta bin ta, a ƙarshe ya aure ta. Mutuminka ya miƙe yana tafi, yana "Alhamdu lillahi, ta amru!"

Kowa ya watse, shi ya gyara zama. Mai gidan kallo ya zo da tsintsiya.

"Malam, an tashi."

"Ina jiran wurin da za shi sake ta."

"Wane saki? Hwim ya ƙare. Sun zamna lahiya har abada."

"Har abada? Da wagga? Ni na zamna da ita, malam. Sa kashi na biyu, ba shi kai sati!"