Rasuwar 'Yar Aljihu, Wadda Ta Yi Kiɗa a Gaban Surukina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yau ban iya ɗaga ta a cikin mutane ba, ni Alhaji Shafi'u Taba, dillalin rake a kasuwar Makarfi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kudan da Makarfi da Ikara rasuwar abokiyar tafiyata, 'yar na'urar sauraren nan da ake kira MP3, wadda mu a gida muke ce wa 'Yar Aljihu. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a cikin kwanon ɗanyar shinkafa, bayan gajeriyar jinya. Ta yi shekara biyu da ɗoriya a hannuna. Wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba, ko da yake na san labarin ya riga wannan sanarwa isa ko'ina.

Marigayiya ta shigo rayuwata ne ta dalilin likita. Ya duba jinina ya ce sukari ya yi yawa. Na ce masa mutumin da ya tsufa yana ɗanɗana rake kafin ya yi ciniki, ai dole. Bai yi dariya ba. Ya ce in riƙa tafiya da sauri kowace safiya har sai na yi gumi. Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai da na je duba abokina Alhaji Auwal mai tumatir a Ikara, wanda wannan ciwo ya sa aka yanke masa ƙafa. A bakin ƙofar ɗakinsa na ga takalmi ƙafa ɗaya. A lokacin yatsun ƙafata na hagu sun fara mutuwa, in na taka ƙasa sai in ji kamar kan auduga. Washegari na fita tafiya.

To amma kun san garinmu. Dattijo mai mota ba ya tafiya a ƙasa haka siddan. Ban kai ƙarshen layinmu ba masu babur suka fara tsayawa. "Alhaji lafiya? Motar ce ta lalace? Hau in kai ka." In na ce motsa jiki nake yi, sai su dube ni da tausayi. Wanda bai tsayar da babur ba zai tsayar da ni da gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ya rake, ya aka ji da ban ruwa. Rana ta take ban yi gumi ba, sai dai bakina da ya gaji. Kafin mako ya zagayo an ce na sayar da mota. Na gwada saka waya a kunne, direbobin da ke mini dakon rake suka hana ni sakat da kira.

Shi ya sa na tafi Sabon Garin Zariya neman abin da ke magana a kunne amma ba a iya kiran mutum ta cikinsa. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa sayar mini da rake mai tsutsa ba, kuma da wannan idon na zaɓe ta. Aka nuna mini masu gilashi da ake shafawa, na ce a'a, hannu mai gumi da idon tsoho ba za su iya da su ba. Na ce ina son mai madanni masu tudu waɗanda yatsa zai gane daga cikin aljihu. Na auna nauyinta a tafin hannu, ba ta kai goro biyu ba. Na maƙala ta a bakin aljihu na yi tsalle a cikin shagon mutane don in ga ko za ta faɗo. Na tambayi batir, aka ce tana kwana biyu ba caji, abin da ya dace da garin da wuta ke zuwa baƙunta. Har na miƙa hannu zan karɓi wata baƙa, sai mai shago ya ce ga 'yar uwarta, kuɗinsu ɗaya, amma ita wannan tana da 'yar sifika a jiki. Jama'a, dillali bai taɓa ganin gyara ya kau da kai ba. Ban da bukatar sifika, ban tambayi lokacin da take buɗe baki ba. Na ce a ba ni mai gyaran.

Daga nan na kai ta wurin Muhsin mai turi a Makarfi, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Na ce ya sa mini tafsiri a gaba. Sannan na rage murya na ce a bayansa ya zuba mini kiɗan kalangu, irin na da, wanda muke takawa a dandali muna samari bayan mun wuni saran rake. Ya dube ni, na dube shi, ya yi aikinsa.

Halayen marigayiya ba sa ƙirguwa. Ba ta taɓa neman kati ba, ba ta taɓa neman sabis ba. Gumi ya jiƙa ta, ba ta yi ƙorafi ba. Tafsirin yakan raka ni har gidan ƙarshe na gari, ina tafiya irin ta manya. Da na shiga tsakanin gonakin rake sai in danna madannin dama, ita kuma ta ce kindin, kindin, kindindin, ƙafafuna su tuna abin da suka sani. Wallahi wa'azi na gyara zuciya, amma kalangu ne ke sa tsoho gumi. Sukari ya sauka. Yatsuna suka dawo da rai. Wandon da na ba da ajiya ya sake shiga ƙuguna.

Ta kuma yi mini maganin masu tsayar da ni. Mutane suka ga igiyar iyafis ta fito daga ƙarƙashin hula, ga carbi a hannu, ga leɓe na motsi. Wani ya taɓa tambayata abin da nake ji, na cire kunne ɗaya na ba shi, a lokacin muna cikin gari, ya ji malami na fassara. Shi ke nan labari ya bazu cewa Alhaji Shafi'u ya koma karatu da tsufansa. Masu babur suka riƙa rage gudu su ɗaga hannu su wuce. Mata suna ja wa yara kunne kada su dame ni. Ban ce haka ne ba. Ban kuma ce ba haka ba ne. Leɓen kuwa amshi yake yi.

Labarin ya kai kunnen Baffa, mahaifin mai ɗakina Hajiya Luba, wanda ba zan rubuta sunansa a nan ba don bakina bai taɓa furta shi ba. Dattijon Bafillace ne mai zaune da garkensa can bayan fadama. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma na san a ransa bai taɓa ɗaukar dillanci sana'ar mai tsoron Allah ba. Sai ga shi ya aiko mini da buzun salla na fatar ragonsa, ya ce a gaya wa Alhaji ya ji abin da ya faranta masa rai. Na karɓa hannu biyu. Daga ranar ya kamata in goge kalangun. Ban goge ba.

Ajali ya zo ranar wata Asabar. Na fito daga cikin rake kiɗa ya kai inda yake daɗi, kafaɗuna na aiki, carbi na lilo. Na sha kwanar wata 'yar unguwa da nake ratsawa kullum ba kowa, sai na faɗa tsakiyar taron suna. Tabarmi cike da dattawa, liman na shirin addu'a, ga Baffa a tsakiya, ashe abokinsa ne aka yi wa jika. Na yi abin da kowane suruki zai yi. Na tuɓe takalmi na zube ƙasa. Gwiwata ta harɗe igiyar iyafis ta fizge ta.

A nan ne na san lokacin da sifika ke buɗe baki.

Kalangu ya tashi daga aljihuna kamar an kawo amarya. Zabiyar cikin waƙar ta rangaɗa guɗa, ayyururui, ta ce a karkaɗa kafaɗa. Wurin ya yi tsit, ban da ita. Ku kuma kun san ba a sa hannu a aljihu ana gaida suruki, ba a kuma yanke gaisuwa a tsakiya. Da Baffa ya ɓata rai da na samu sauƙi. Bai ɓata ba. Ya dubi ƙasa kamar ba abin da ke faruwa, ya fara.

"Alhaji, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baffa."

Kindin, kindin.

"Ya iyali? Ya su Luba? Ya yara?"

Bai tsallake ko ɗaya ba. Ya tambayi rake, ya tambayi kasuwa, ya tambayi jikina, ya dawo ya sake tambayar gajiya. Ina amsawa, zabiya na taya ni. Na matse aljihun da gwiwar hannu ko za ta yi shiru, ashe madannin ƙara murya na danne. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa, ba ta kiɗa ba. Da Baffa ya gama, sai ya ce a hankali, "To madalla. Allah ya ƙara ilimi." Dattawa suka ce amin.

Na tashi na ɗauki takalmi a hannu, na yi baya da baya har na fita daga idon mutane. A nan ne na aikata abin da ya fi komai ba ni kunya. Na ciro ta, tana cikin yi mini hidimar da ni na sa ta, na jefa ta cikin kwalbatin ban ruwa. Ta ce kindin, ta ce gulul, ta yi shiru. Ita da ta ceci ƙafata, ba ta zaɓi waƙa ba, ba ta zaɓi sifika ba. Ni na zaɓa. Na yi 'yan taku, zuciyata ta ƙi, na dawo na naɗe wando na lalubo ta cikin taɓo.

An yi iya ƙoƙari. Hajiya Luba ta binne ta cikin shinkafa, tana yi tana juya mini baya don kada in ga haƙoranta. Mai gyara a Makarfi ya buɗe cikinta ya busa, ya girgiza kai. Ranar Talata ta kunna 'yar jar fitilarta, ta yi wani ɗan tsaki, ssst, kamar mai son faɗin magana ta fasa. Daga nan ba ta sake ba.

Ta rasu ta bar iyafis guda, wanda kunnensa na hagu ya daɗe da kurumcewa. Ta bar caja, wadda tuni ta koma gidan wayar Hajiya ko takaba ba ta yi ba. Ta bar memori, da aka ciro da ransa, ɗauke da duk abin da aka sani. Ta bar takalman roba da suka ci hanya tare da ita, sai ni, da tun ranar ban leƙa ko zaure ba. Labari ya iso mini gida cewa a kasuwa an sa mini suna Malam Kindin. Wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ba zan iya ba shi ne, shekaranjiya da asuba yatsun hagu sun fara komawa kan auduga, ina rufe ido sai in ga takalmin Alhaji Auwal.

Jiya Hajiya ta dawo daga bayan fadama da saƙo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, Baffa na gaishe ka. Ya ce shi bai aurar da 'yarsa ga mai ƙafa ɗaya ba, kuma bai shirya ganin ta cikin takaba ba. Ya ce tunda tafiya likita ke so, gidansa na da nisa daidai, ka riƙa zuwa gaishe shi a ƙasa kowace safiya." Na ce to. Ta ce da saura, amma sai ta fara dariya har ta riƙe bango.

Saboda haka ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, wannan ko ban yi karatu ba na sani. Za a ɗauko ta daga ƙofar gidana da ke Taba ranar Alhamis bayan sallar asuba, a naɗe cikin farin ƙyalle, a aljihun da ta saba. Za a tafi a ƙasa, da sauri, ta tsakanin gonakin rake. Ba mota, ba babur, wanda ya tsaya ya ce in hau ya ƙara mini ciwo. Ba za a shimfiɗa tabarma ba, mai ta'aziyya ya yi ta muna tafe, ya kuma taƙaita. Masu son aiko da abinci, don Allah ban da rake da mazarƙwaila. Za a binne ta a bayan garken Baffa, a wurin da shi da kansa ya bayar.

Ina roƙon duk wanda zai raka mu, idan muka isa na tuɓe takalmi, kada kowa ya yi ko tari. Domin sauran saƙon da Hajiya ta ƙarasa daga baya shi ne, Baffa ya ce in taho masa da memorin. Wai ranar na tashi da wuri, bai ji ƙarshen karatun ba.