Yadda Ake Kayar da Yaya da Ƙuri'ar Gida

Kai da ƙaiƙayin takara ya dama, alhali kujerar majalisar jiha ta riga ta zama ta mutum biyu, matso kusa. Ni ce Maimuna, matar marigayi Malam Isyaku hedimasta. Aji huɗu na yi a firamare, amma wannan darasi a tsakar gidanmu na Sabon Gari aka koyar da shi, ina zaune ina tankaɗe. In ka bi shi daki-daki, na yi maka alkawari ba za ka ci zaɓe ba. Dama ba shi ne aikin ba. Amma wanda ya kamata ya ci, shi ma ba zai ci ba. An gwada a kan mijina, kuma ƙaninsa Muttaka ne ya gwada, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mataki na ɗaya: ka jira sai an tuƙa tuwo

Kada ka fito da wuri. Bari mutanen mazaɓarmu ta Lajawa su yi zarya sau uku wurin yayanka, suna roƙon ya karɓo musu kujera daga hannun Onarabul, wanda shekara takwas ba a ga ƙeyarsa ba sai a fasta. Bari yayan ya yarda, ya zaga ƙauyuka a kan tsohon babur ɗinsa, har masu shayi su fara cewa bana an gama. To, ranar nan kishin talaka zai tashe ka daga barci.

Mataki na biyu: ka zama mai zaman kansa

Ka ce ba ka da ubangida, talaka ne ubangidanka. Doka ba ta yarda mutum ya tsaya tsurarsa ba sai da jam'iyya, amma ba komai, ana aro. Muttaka ya samo wata mai alamar ludayi, ofishinta benci ɗaya ne a bayan shagon tela.

In an tambaye ka wa ya buga maka fasta mai sheƙi haka, kai da ko facin keke sai Yaya ya sa baki, ka ce masoya ne. In an ce motar masoyan ta yi kama da ta gidan Onarabul, ka ce mota mota ce.

Mataki na uku: ka yi kiwo a gonar gida

Kada ka ɓata takalminka a unguwannin Onarabul. Inda Yaya ya yi taro ran Talata, can za ka je ran Laraba. Danginku ɗaya, surukanku ɗaya, masallacinku ɗaya. Ka ce musu, "Ni da Yaya ai duk ɗaya ne. Wanda ya ba ni, gida ya ba." Da ɗan gari akan ci gari, da ɗan ɗaki kuwa akan ci gida.

Mataki na huɗu: ka hau kan kunyar uwarku

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, ka saurara da kyau.

Inna Hajara, mahaifiyarsu, tsohuwa ce ta da. Malam ɗanta ne na fari, shekara sittin ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Muttaka kuwa auta ne, shi ake kira da suna, shi ake ɓoye wa ƙanzo.

Sai Muttaka ya bi gidajen biki da na suna yana cewa, "Inna tana tare da ni. Kun taɓa jin ta ambaci wani?" Ya san ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki ta tsaya wa ɗan fari ba.

Na ce wa Malam, "Kalma ɗaya kawai za ta faɗa a gaban mata."

Ya ce, "Maimuna, ba zan sa ta abin da ba ta taɓa yi ba saboda kujera. Ki bar Muttaka, yaro ne."

Yaro mai furfura a gemu.

Mataki na biyar: ranar zaɓe ka sa babbar riga

Ba abin da ya rage maka sai ɗaga hannu. Ni na raka Inna rumfar zaɓe. A kan layi ta kama gefen mayafina ta ce, "Wanne ne na auta, wanne ne na wancan?" Na ce ludayi na auta, tulu na wancan.

Bayan la'asar malamin zaɓe yana ɗaga takardu ɗaya-ɗaya, sai ya ɗago wata mai dangwale biyu, ɗaya a tulu, ɗaya a ludayi. Ya ce, "Wannan ta lalace." Jama'a suka yi dariya, wani ya ce mai ita ya cika haɗama. Da na koma gida Inna tana goge tawada da toka, ta ce, "An ƙirga tawa?" Na ce an ƙirga.

Onarabul ya fi Malam da ƙuri'a ɗari biyu da 'yan kai. Ludayi ya kwashi ɗari tara. Ka haɗa da kanka, ni aji huɗu na yi.

Mataki na shida: ka karɓi ƙaddara

Ka ce mulki na Allah ne. Wata biyu ka bari, kada a ce da wani abu, sannan ka amince a naɗa ka mai bai wa Onarabul shawara. Ban san kan me ba. Wataƙila kan riƙon ludayi.

Mataki na bakwai: ka fi kowa kuka

Malam bai zagi kowa ba. Ya jingine babur a zaure, ya daina fita majalisar hira bayan magariba, bayan wata bakwai ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce hawan jini. Kwana ne ya ƙare, ban ce wani ya kashe shi ba.

Ranar zaman makoki ka zauna a tabarmar gaba, ka ajiye sabuwar motar inda duk mai zuwa gaisuwa sai ya ratse ta.

Mataki na takwas: ka dawo neman hoto

Zaɓe na sake matsowa, kuma mamaci ya fi mai rai farin jini. Sai ka so a buga fuskarsa a kusurwar fastarka, a rubuta "Magajin Hedimasta".

Makon jiya Muttaka ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa. "Matar Yaya, hoton nan nasa mai farar hula nake so. Don raya sunansa ne."

Na ce, "Yana ɗakin Inna. Tun da na fita takaba ta karɓe shi."

Ya saki fuska, don Inna ba ta taɓa hana shi komai ba. Ya tsuguna a bakin ƙofarta ya maimaita. Tana kan buzu da carbi, ba ta ɗago ba. Can ta ce, da muryar da har maƙwabta suka ji:

"Isyaku ba zai hau bango ba. Isyaku ɗana ne. Tashi ka ba ni wuri."

Sau biyu ta kama sunansa. Shekara sittin tana riƙe da sunan, ta sake shi ranar da babu mai amsawa.

Ba ruwana

Matakai bakwai na farko na tsaya musu, na gani da idona. Na takwas kuwa kai da uwarka. In ka samu motar, ka samu ofishin, sannan ka shigo gidanku da safe ka ga tsohuwa ta juya maka fuska bango, kada ka yi murna ka ce kai ma an fara jin kunyarka. Wannan ba irin wancan ba ne. Kuma kada ka zo wurina, ni tankaɗe nake yi.