Jan Ruwan Malam Tajuddeen

A shekarun da jami'a ta sauka a Kalgo, garin ya sake kama. Gonakin bakin hanya suka zama gidajen haya, 'yan kabu-kabu suka yawaita, duk mai tabarau da jaka kuma aka fara ce masa Dakta. A cikin wannan yalwar ilimi Allah Ya albarkaci wata sakandare ta garin da Malam Tajuddeen, mutumin Gwandu, shugaban sashen kimiyya, wanda ɗalibai suke kira Farfesan Buret idan ya ba da baya.

Adalci ne a faɗi darajarsa. Farar rigar ɗakin gwaji ba ta barin jikinsa, da ita yake zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya. Ya haddace taitireshan kamar Fatiha: a zuba asid cikin buret, wato dogon bututun gilashi mai zanen awo, a riƙa ɗiga shi cikin kwalbar ruwan bes, wato kishiyar asid, har launi ya juya daga rawaya zuwa ruwan goro, sannan a karanta awon da aka ɗiga. Shekara goma sha ɗaya yana zana wannan a allo, kyakkyawan zane kuwa, bai taɓa murɗa famfon buret da hannunsa ba. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

"Ni da kuke gani," yakan ce wa ɗalibai, "asid ya san ni, bes ya san ni. Wanke kwalba aikin masu wanke kwalba ne."

Mai wanke kwalbar shi ne Baba Bawa, dattijon da ke kula da ɗakin gwaji. Ƙa'idar jarrabawar ƙarshe ita ce malami ya yi gwajin shi ma, a rufe awonsa a ambulan tare da takardun ɗalibai, da shi masu maki za su auna na kowa. Kowace shekara Baba Bawa ke yin gwajin, Farfesa ya sa hannu.

A shekarar da muke magana, mai sa ido a jarrabawar ya zo da wani baƙo daga birni, Farfesa kuwa ya ga ba ranar ɓoye baiwa ba ce. Ya naɗe hannun riga, ya buɗe famfo, ya juya yana yi wa baƙo bayanin yadda ya kusa tafiya Jamus. Asid na zuba. Rawaya ta koma ruwan goro, ruwan goro ya wuce.

"Ranka shi daɗe," in ji Baba Bawa a hankali, "ya juya tun ɗazu."

"Bawa, wancan launin matsorata ne. Kimiyya ba ta son kame-kame. Sai ya yi ja, jan da na ƙarshen aji zai gani."

Ya yi ja zur, kamar zoɓo. Farfesa ya rubuta ashirin da takwas, ya sake maimaita gwajin sau biyu da wannan jarumtar, ya liƙe ambulan. Baƙon, wanda tarihi ya karanta, ya jinjina kai.

A teburi na uku akwai Khairiyya, 'yar wani manomin albasa daga Masama, wadda makarantar koyon jinya ta ce ba za ta ɗauke ta ba sai da kiredit a kimistiri. Wata biyu tana zuwa wurin Baba Bawa lokacin tara, har hannunta ya iya tsayar da ɗigo ɗaya. Sau uku ta gwada, sau uku ta samu ashirin da uku da rabi. Makin wannan gwajin ba shi da yawa, amma shi ne tsakanin kiredit da rashinsa.

Da sakamako ya fito, Khairiyya da mafi yawan masu natsuwa suka rasa kiredit. Waɗanda suka tsallake har da wasu uku da suka saki famfo suna hira, awonsu ya yi daidai da na malaminsu. Farfesa ya tsayar da su a gaban taron safe.

"Ga 'ya'yana na haƙiƙa," ya ce. "Sauran hannunsu rawa yake yi. Gaggawar tsayawa ce ta kashe su."

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Mahaifin Khairiyya ya sa aka rubuta masa takardar koke, Baba Bawa ya yarda zai ba da shaida. Makaranta ta karɓi koken da muhimmanci, ta kafa kwamitin bincike, ta kuma nemi wanda ya fi kowa sanin taitireshan ya shugabance shi. Ba a sha wahalar samunsa ba.

Shekara biyu ke nan. Khairiyya tana Masama tana taya mahaifinta tsinke albasa. Kwamitin bai zauna ba tukuna, domin shugabansa yana Gwandu, yana horar da sababbin malaman kimiyya.