Faifan da Na Tokare Tebur da Shi

A ƙarshen shekarun casa'in aka kawo mana na'urar auna danshin masara a siton hatsi na Tudun Wada, mai allo da kibod da linzamin kwamfuta. Da yake na yi kwas ɗin kwamfuta na sati biyu cur a Kano, sai na ce kowa ya matsa.

Na jona linzami na murza, kibiyar allo ko gezau. Ga manoman Doguwa zaune kan buhunansu suna jiran awo. Na tsuke fuska na sanar cewa tebur ne ya karkace. Na laluba kwalin na'urar, na zaro wani baƙin faifai, na tokare ƙafar tebur da shi, har na hau na danne.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," in ji Baba maigadi.

Kwana uku ba awo. Mai gyara ya zo daga Kano ya ce, "Ina faifan da ke sa na'ura ta gane linzami? Ɗaya ne tak fa."

Baba ya nuna ƙarƙashin tebur da sandarsa.

Har yau, ko benci ya karkace a gidan suna, sai ka ga an dube ni an ce, "A kira Injiniya."