Yadda Na Wanke Wayar Baffa Idi

Zan iya manta abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban alƙali a Kazaure ina baza ilimin kwamfuta ba, alhali da hannuna na riga na kashe shari'ar gwaggota.

Baffa Idi, yayan mahaifina, yana da gona a hanyar Roni. Da mijin ƙanwarsu, Gwaggo Asabe, ya rasu, sai ya ba ta gonar kyauta, tana noma gero da gyaɗa tana rufa wa kanta asiri. Ba a rubuta komai ba, shaidun kuma duk sun riga shi tafiya. Abin da ya rage shi ne wata murya da ya ɗauka a wayarsa lokacin da ciwo ya tsananta, yana cewa gonar ta Asabe ce halak malak, kada a sa ta cikin gado. Ana tashi daga zaman makokin Baffa, babban ɗansa, Habibu, ya ce aro aka ba ta. Magana ta kai kotu.

Gwaggo ce ta yi jinyar Baffa, don haka wayar tana hannunta. Ta kawo mini ita shago a ƙulle a gefen mayafi. (Shagon nawa na gyaran waya ne da tura karatu da waƙoƙi a memori, amma a danginmu ni ne ƙarshen ilimin kwamfuta, ni kuma ban taɓa musa musu ba.)

"Ɗan nan, ka ciro mini maganar yayana," in ji ta. "Amma ka duba, in akwai abin da bai kamata ba ka share. Mutum yana kwance a kabari, kar a yi ta rubuta masa zunubi."

Haka muke yi a nan. Wayar mamaci ana wanke ta kafin idon jama'a ya shiga, sutura ce. Kuma akwai abin wankewa, don Baffa, wanda yake kashe rediyo da an sako kiɗa, ya cika memorinsa da waƙoƙin Indiya. (Wasu ni na tura masa, ya ce kar in faɗa wa kowa.)

Na zage na yi aiki. Na kwashe muryar zuwa kwamfutata, na sa wata manhaja ta share memorin ƙarƙaf, irin sharewar da ba a dawo da komai. Da na saurari muryar sai na ji kukan awaki ya yi yawa a bayanta, na ce ai bai dace alƙali ya sha wahala ba. Na rage hayaniyar, na ɗora sabuwar a kan tsohuwar, na mayar cikin wayar, har na raɗa mata suna: Hujjar Gwaggo. Ranar sai da na ji tausayin Habibu.

Da Habibu ya ce muryar ta bogi ce, kotu ta tura wayar ga wata ƙwararriya daga Kano mai binciken na'urori. Ranar zama aka fara kirana, tunda a hannuna wayar ta kwana. Na sa sabuwar shadda. Na yi bayani dalla-dalla, ina jefa Turanci nan da can, ina satar kallon Gwaggo tana gyaɗa kai.

Sai aka kira ƙwararriyar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Allah ya gafarta Malam, wannan fayil an ƙirƙire shi ne bayan an binne marigayin. An kuma taɓa sautin, an cire wani abu daga ciki. Na nemi na asali don in gwada, na tarar an share memorin yadda ba za a iya dawo da shi ba."

"Muryarsa ce ko ba tasa ba ce?" alƙali ya tambaya.

"Tana iya zama tasa. Amma yanzu ana haɗa murya da kwamfuta, kuma duk alamar da zan bi in tabbatar an goge ta. Ba zan iya rantsewa a kai ba."

Alƙali ya juyo gare ni, ya ce me na share? Na ce wasu 'yan abubuwa ne. Ya ce waɗanne? Na kalli ƙasa, na kalli silin, babu mafita.

"Waƙoƙin Indiya ne, Allah ya gafarta Malam."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Liman ɗin unguwarsu Baffa yana zaune a wurin. Asirin da na rusa hujja don in rufa, ni na tona shi da bakina a gaban rabin gari.

Aka ajiye muryar gefe. Babu shaida, Habibu ya rantse, gona ta koma cikin gado. Gwaggo ta roƙi a bar ta ta cire gyaɗar da ta shuka, aka bar ta, shi ke nan.

Na so ta zage ni. Na so ta ɗaga mini nono, ko ta daina amsa gaisuwata, da na sami sauƙi. Ko kusa. A ƙofar kotu cewa ta yi, "Ai ni na sa ka, ɗan nan." Ita ta ce in share waƙoƙi, amma ba ita ta ce in gyara kukan awaki ba, kuma ba ita ke kiran kanta masani ba. Yanzu a gonakin mutane take aikin tsinkar gyaɗa da kaka, ni kuwa na daina bin hanyar Roni sai dole.

Abin da na koya, a makare, shi ne hujja ba ta son gyara. Yau in aka kawo mini wayar da ake shari'a a kanta, ko gilashinta ba na gogewa, sai in ce a kai wa masu abin.

Kwanan baya Gwaggo ta zo cajin 'yar wayarta. Tana karɓa ta dube ni, babu ko alamar gatse a fuskarta, ta ce:

"In na mutu kai za ka wanke tawa. Na ga in ka share abu ba ya dawowa."