An Yi Tsaraba da Jakina

Jama'a, ku taya ni jaje. Ga albasa na cire a fadama, ga buhuna a ɗaure, ba abin ɗauka. An yi kyauta da jakina ina tsaye ina kallo.

Kun san ɗan lambun nan na hanyar Rabah da anka ce gandun namun dawa ne. Muna yara anka buɗe shi. Akwai barewa, akwai jimina, har kada masunta sunka kawo daga gulbin Rima. To, kun san halinmu, baƙo ba ya komawa hannu rabbana. Duk babban da ya zo duba lambu sai an yi mai tsaraba. Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya tahi da barewa. Mai Girma Uban Alkawari ya tahi da jimina. Kada ne ba wanda ya so, ya gaji ya koma gulbi da ƙafarshi. Kai, manyanmu akwai tausayin dabbobi!

Ran nan Baba Yusha'u mai gadin lambu ya yi mani sallama.

"Ɗana, gobe manya na zuwa, keji duk wayam. Ara muna jakinka."

"Baba, jaki a gandun dawa? A ce shi mi?"

"Jakin dawa mana! Mi sunka sani? Da la'asar ka ɗau abinka."

Maƙwabciyata Laraba ma ya roƙe ta aron zabinta, ta hana, ta ce ita ba ta haukace ba. Ni sarkin kunya na bayar.

Washegari anka wanke jakin da sabulu. Wani Mai Girma ya zo ya zagaya shi, ya ce irin wanga ya kusa ƙarewa a duniya. Jaki ya yi kuka, anka yi tafi. Ina washe baki sai na ji mai lasifika: "Al'umma sun ba Mai Girma wanga jaki tsaraba!" Wace al'umma? Wa anka tambaya?

Na hau kabu-kabu na bi su har gidan Mai Girma a birni. Ɗan bakin ƙofa ya ce ba a ganin dabbar Mai Girma sai da izini. Na leƙa ta ƙyaure. Ga jakina a inuwa yana cin kankana, wani ƙato na kore mai ƙuda. Na kira shi yadda na saba. Ya ɗago, ya dube ni sama da ƙasa, ya kau da kai.

Wallahi na ji ciwo. Amma ban ga laifinshi ba. Waɗanda munka zaɓa ma haka sunka yi mani, kuma su ko buhu ɗaya ba su taɓa ɗaukar mani ba.