Yadda Za Ka Kalli 'Yarka a Sama Ba Tare da Ka Gan Ta Ba

Kai uban da 'yarsa ta shiga ƙungiyar kirarin makaranta, ta 'yan matan nan masu rawa da tsalle suna cilla juna sama, kuma aka zaɓe ta a matsayin wadda ake cillawa sama, kwantar da hankalinka. Shekara uku ina raka 'yata Kinsley gasa a nan Amurka, daga Tulsa har Dallas, ban taɓa ganin ƙafarta ta bar ƙasa ba, kuma kowa na yaba mini ƙarfin hali. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin ba mai gane ka.

1. Raina abin a bainar jama'a

Wanda ya raina abu ba a zarginsa da jin tsoronsa. Ƙanin matata, Wendell, ɗansa na buga ƙwallon Amurkan nan da ake sa wa hular kwano. Kullum sai ya ce, "Royce, wai wannan tsalle-tsallen da kintinkiri a ka, shi ma wasan motsa jiki ne?"

Ka yi dariya ka ce, "Ina fa! Tafi ne da murmushi."

Kada ka tuna masa cewa ɗansa sanye yake da sulke har haƙora, taka kuwa abin da ke tsakaninta da ƙasa hannuwan 'yan mata uku ne. Ɗayarsu ma Brynlee ce, wadda ta taɓa sakin kwanon miya a falonka.

2. San lokacinka

Minti biyu da rabi ne duka. Kafin kiɗa ya tashi, ana kiran iyaye su taru a gaban dandali. Laɓe bayan uban da ya fi kowa tsawo. Za ka ji suna ƙirga biyar, shida, bakwai, takwas. Bayan takwas ake cilla ta. Kai a bakwai za ka rufe ido. Masu hikima sun ce rufaffen ido bai taɓa ganin karaya ba.

3. Kalla da kunne

In jama'a sun yi sowa, yi sowa. In sun ce wayyo, lalubi hannun matarka.

4. Yi yabon da ba a kama shi

A mota ka ce, "Kai, yau kin yi sama sosai!" Wannan kullum gaskiya ne.

5. Kada ka taɓa karɓar waya

Nan na zame. Darlene, matata, ta manta tabaranta, ta miƙo mini wayarta in ɗauki bidiyo. Ran Lahadi muka taru har da Wendell, aka kunna a talabijin. Minti biyu da rabi na takalmana ne zalla, sai muryata: "Ya Ubangiji, ka sa Brynlee ta riƙe. Ya Ubangiji, wannan ba miya ba ce."

Wendell har ya zame daga kujera. "Tafi da murmushi, ko? Sannu, jarumi!"

Kinsley ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kullum daga can sama nake hango ka ido a rufe. Na ɗauka addu'a kake yi."

"Ai addu'ar ce."

"Asabar ce gasata ta ƙarshe. Zan yi maka alama a sama. In ba za ka iya gaya mini ko mece ce ba, yi zamanka a shagonka na taya, kada ka zo."

6. In an kama ka

Ba sauran dabara. Je ka tsaya a sahun farko, ba kowa a gabanka. Wendell ma ya biyo mu, wai ya zo ganin sumana.

Da suka ce bakwai, na sa yatsu na tokare fatar idona. Takwas. Ta tashi. Ta wuce tsayin ragar ƙwallon kwando, ta juya sau biyu kamar ba ta da nauyi, kuma daidai inda ta tsaya cik kafin ta fara saukowa, ta nemo ni cikin taron, ta yi mini gwalo. Brynlee ta cafe ta kamar ƙwai.

Na waiga in tambayi Wendell ko wannan wasan motsa jiki ne ko a'a. Na same shi laɓe bayan uban nan mai tsawo, ido a runtse, yana cewa, "Royce, ta sauko? Don Allah ta sauko?"

A mota Kinsley ta ce, "To, Baba?"

Na juya na yi mata gwalon. Ta kau da kai wajen taga, tana goge kwallin da ya zubo mata.

Gargaɗi

Ni mai gyaran taya ne, ba likita ba. Duk wanda ya bi mataki na shida zuciyarsa ta buga, ba ruwana. Wanda kuma ya bi na ɗaya zuwa na biyar ya yi asarar shekara uku, kada ya zo mini shago da ƙorafi. Ni ma ba wanda ya maido mini da nawa.